Rigar da Majvor ta ɗinka wa batir

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke bayan garin Arjeplog, can arewa ƙasar ƙanƙara, kuma zif ɗin rigar sanyinsa ya taɓa tsinkewa ana tsakiyar hunturu, ya san gidan Majvor Granström. Jan gida ne na katako a bakin titi, kusa da inda motar makaranta ke juyawa. Ba a buga ƙofa. A shiga, a karkaɗe ƙanƙarar takalmi, a ajiye rigar a kan kujera, sannan a zauna a sha kofi ko ana so ko ba a so.

Auta ce a gidansu. Mahaifinta saran itace yake yi a daji, ba ya kwana gida sai ƙarshen mako, mahaifiyarta kuwa tana da shanu biyu da keken ɗinki na ƙafa. Tun ƙafar Majvor ba ta kai ga mataki sosai ba ta fara taka wannan keke. Da ta zama budurwa sai ta gangara Skellefteå, ta shiga wata masana'anta da ke ɗinka wa masu haƙar ma'adinai kayan aiki, masu kauri irin waɗanda ke karya allura. Ta daɗe a can. Ranar da aka rufe masana'antar aka tura ɗinkin wata ƙasa, ta ɗauko almakashinta ta dawo gida, ta kama aiki a kicin ɗin makarantar firamare, da yamma kuma ta yi wa mutane gyaran kaya.

A wajen rawa ta haɗu da Sixten. Direban motar katako ne, dogo, mai manyan hannuwa, kuma bai iya rawa ba ko kaɗan. Sai da ya taka mata ƙafa har ta yi ƙara, sannan ya buɗe baki ya yi magana, ita ma maganar ba ta wuce “yi haƙuri” ba. Daga baya ta gane haka yake. Yana iya wuni cur a gida bai ce komai ba sai “to” da “madalla”.

Annelie, 'yarsu tilo, tana rarrafe suka sayi tirelar kwana a hannun wani ɗan Norway. Tirelar ƙarama ce, mai zagayayyen baya, da gado ɗaya da tebur da murhun gas, kuma in an ɗaura ta a bayan mota ba ta yarda a yi gudu. Majvor ce ta raɗa mata suna Kunkuru, sunan kuwa ya bi ta. Kowace shekara idan hunturu ya karkata, rana ta dawo da ƙarfinta amma ƙanƙarar tafki ba ta fara saki ba, sai su ja Kunkuru su hau hanyar duwatsu, su kafa ta a bakin tafkin da suka saba, su yi makonni. Babu wutar lantarki a wurin, babu kanti. Tireloli ne 'yan kaɗan na mutanen da suka san juna, da ramukan da kowa ke huda wa ƙanƙara yana zura fatsa.

Ita Majvor kamun kifi bai dame ta ba. Abin da take so shi ne ta sassaƙe tudun dusar ƙanƙara ta yi kujera, ta shimfiɗa fatar barewa, ta ba rana fuska tana saƙa, butar kofi na kan wuta. Abin da ta fi so kuma, ba ta taɓa gaya wa kowa ba: a wurin nan kaɗai mijinta yake hira. Yana kwance rubda ciki yana leƙen rami, sai ka ji ya fara ba da labarin wani kare da suka taɓa yi yana yaro, ko na ranar da mota ta kafe masa a daji ya taka har gari. Labaran da ta sani na ƙuruciyar Sixten duk a kan ƙanƙarar nan ta ji su.

Bayan ya ajiye tuƙi da 'yan shekaru sai jikinsa ya fara canzawa. Da ma yana da munshari, amma yanzu sai munsharin ya tsaya cak, ta yi ta jira, sannan ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Da rana kuma gyangyaɗi. Ta yi magana, ya ce tsufa ne. Sai ran nan da rana tsaka, suna dawowa daga kasuwa, barci ya ɗauke shi a kan sitiyari, motar ta nutse a tudun ƙanƙarar gefen titi. Babu wanda ya ji ciwo. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan katako bai taɓa gogar ko shinge ba, ya fito daga motar nan ya tsaya yana kallon inda ta nutse.

A asibiti aka ce numfashinsa ne ke ɗaukewa cikin barci, kuma abin ya fara taɓa zuciya. Aka ba shi wani ɗan inji mai tiyo da abin rufe hanci, wanda ke tura masa iska yana barci. Likitar ta dube shi ta saman tabarau ta ce ko barcin rana zai yi, da injin zai yi. A gida babu matsala, a jona a bango. Cikin 'yan makonni launin fuskarsa ya dawo. Amma tsohon batirin Kunkuru fitila kawai ya saba ja, ba zai iya kwana yana jan inji ba.

Annelie, wadda ke aiki a kantin magani a Luleå, ita ta ɗauki nauyin abin. Ta zo da sabon batir na litiyom, mara nauyi har Majvor ta iya ɗaga shi da hannu ɗaya, da farantin sola da aka kafa a rufin tirela, da ɗan agogo a bango mai nuna yawan cajin da ya rage. Aka sa batirin a ɗan ɗakinsa da ke gefen tirela, mai ƙofa ta waje. Aka gwada a tsakar gida da kaka, rana na cika shi, ya ja injin kwana uku bai girgiza ba. Sixten ya shafa shi ya ce, “Madalla.”

Da lokaci ya yi suka hau dutse. Daren farko lafiya lau. Gari ya waye sama fes, rana ta bugi farantin sola, Majvor na dafa kofi tana duban agogon bango tana jira ya hau. Bai motsa ba. Ta ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. Washegari ma haka, caji na sauka, ba ya hawa. A safiya ta uku Sixten ya farka da ciwon kai, leɓunansa sun bushe, injin ya mutu tun kafin asuba bai sani ba. Ba su yi doguwar magana ba. Ta naɗe fatar barewa, ya ciro fatsa daga rami, suka ɗaura Kunkuru suka gangaro, maƙwabtansu na bakin tafki suna ɗaga musu hannu.

Annelie ce ta binciko dalilin, ta bugo waya da yamma.

“Mama, ba lalacewa ya yi ba. Irin wannan batir in cikinsa ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa, ba ya karɓar caji. Zai ba da wuta, amma ba zai sha ba. Akwai wani abu a cikinsa da ke toshe hanya da gangan, don in aka tilasta masa cikin sanyi, lalacewa zai yi har abada.”

“To ai da rana wurin na yin ɗumi. Har riga nake cirewa.”

“Ke kike jin ɗumi, kina zaune a rana. Shi yana cikin rami a gefen inuwa, ya kwana yana daskarewa. Kafin ɗumi ya ratsa cikinsa rana ta faɗi.” Sai ta ƙara da cewa, “Laifina ne, Mama. Ban karanta wannan shafin ba.”

“Ke dai rufe baki. Wa ya karanta? Mu ma da idanu.”

Sun yi tunanin mayar da batirin cikin ɗaki, amma ƙarƙashin benci tankin ruwa ne, kuma da dare ana rage wutar gas, ƙasan tirela shi ma daskarewa yake. Sixten ya saurari duk wannan, ya ce shi ke nan. Ya wanke Kunkuru ciki da waje, ya kwashe kayan fatsa ya kai rumfa, ya ce da kaka zai nemi mai saye. Bai yi fushi ba, bai yi ƙorafi ba. Ya dai koma kujerar bakin taga. Duk bazarar nan Majvor na ɗinki tana satar kallonsa, tana jin abin na ci mata rai.

Maƙwabcinsu Börje Lestander ajinsu ɗaya da Sixten a firamare, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba. Aikin jan wayar lantarki ya yi, yana hawa falwaya cikin kowane irin yanayi, har gwiwa ta ce ta gaji. Da matarsa ta rasu sai ya kama kiwon zuma a bayan gidansa, abin da kowa ya ce ba zai yiwu ba a wuri mai sanyi irin wannan. Wata rana Majvor ta kai masa wandon da ta yi wa faci, ta tarar da shi a rumfa yana kakkaɓe wasu 'yan faifai na roba, sirara, faɗin tafin hannu biyu, kowanne da waya a jikinsa.

“Waɗannan fa?”

“Bargon 'yan matana ne,” in ji shi. Haka yake kiran ƙudan zumansa. “In amya ta fito daga hunturu da rauni, sai in shimfiɗa mata ɗaya a ƙasa, in jona da batirin mota. Ɗumi kaɗan, kamar na hannu.”

Majvor ta karɓi ɗaya ta lanƙwasa, ta juya shi.

“Da batirin mota ka ce?”

“E mana.”

“Börje, in ya ɗumama ƙwari, zai ɗumama batir?”

Ya cire hula ya sosa kai, ya dube ta, ya dubi faifan. “Ke nan batirin ya ɗumama kansa da kansa.” Ya yi dariya har haƙorinsa na roba ya motsa. “Direba ya sani?”

“Bai sani ba. Kuma kada ka je ka yi masa surutu tukuna.”

Surutun kuwa da yammar nan ya yi shi. Ya shigo da faifai biyu da wata 'yar na'ura mai jin zafi, wadda ke kunna wuta in an yi sanyi ta kashe in ɗumi ya isa, ya zube su a kan teburin cin abinci, ya ce wa Sixten, “Tashi, malalaci. Matarka ta fi ka kai, ni kuma na fi ka hannu. Kai sai ka riƙe mana fitila.”

“Wanda ya bar rabin ƙauye cikin duhu ranar Kirsimeti ne zai koya mini waya?” in ji Sixten.

“Itace ne ya faɗo. Kuma wa ya sani ko kai ka goge shi da motarka.”

Sixten ya tashi daga kujerar taga, ya jawo wata ya zauna a tebur.

Matsalar ita ce watan Agusta ake, babu sanyin da za a gwada abin. Majvor ta ce ai ga firiza. Babbar firiza ce a ɗakin ƙasa, cike da naman dawa na bara da robobin hjortron, 'ya'yan itacen daji da ta sha cizon sauro a fadama kafin ta tsinko. Suka matsa kayan gefe, suka kwantar da batir a tsakiya da faifan a ƙarƙashinsa, suka bar shi ya kwana ya daskare, da safe suka kunna. Ba a jima ba na'urar ta yi ƙas ta kashe kanta, alamar ɗumi ya isa. Börje ya buga ƙirji. Suka fito da batir suka jona caji, ya ƙi karɓa. Jikinsa kamar dutsen rafi.

Sai suka ce ƙila lokaci ne bai isa ba. Börje ya tsallake na'urar ya jona faifan kai tsaye, suka mayar, suka hau sama shan kofi, hira ta yi daɗi. Da Majvor ta sauko bayan azahar, batirin na nan da sanyinsa daga sama, amma robobin hjortron da ke kusa da shi sun narke sun zama ruwa.

“Wayyo 'ya'yan itacena!”

Mazan biyu suka tsaya a matakala kamar yaran da suka fasa tulu.

“Shawarar wa ce a sa a firiza?” in ji Börje a hankali.

“Fita mini daga gida!”

Ranar sai da ta wuni a gaban tukunya tana dafa su da sukari don kada su lalace. Amma tana juya tukunyar tana tunani, kuma kafin ta cika kwalba ta ƙarshe ta gano abu biyu. Na farko, sun manna bakin na'urar mai jin zafi a jikin faifan, don haka faifan take ji, ba batirin ba. Na biyu, ɗumin guduwa yake yi ta kowane gefe, domin batirin tsirara yake. Wanda ya fita tsirara cikin hunturu, ko ya rungumi buta mai zafi ba za ta yi masa komai ba. Riga yake bukata.

Ta auna shi da tef kamar yadda take auna mutum, tsawo da faɗi da kauri, ta bar wurin wayoyi. Ta warware wani tsohon bargon ulu na mahaifiyarta da asu ya ci gefensa, ta ninka shi, ta sa soson tabarmar kwanciya a tsakani, ta lulluɓe da yadin tanti don kada danshi ya shiga. Ta yi masa murfi mai maɓalli. Sixten ne ya kawo shawarar farantin gasa burodi. Ya ce in aka ɗora batir kai tsaye a kan faifai, wuri ɗaya zai yi zafi, amma in aka sa farantin alminiyam a tsakani, ɗumin zai bazu. Ya ɗauki farantinta mafi kyau ya yanke da zarto kafin ta ankara. Börje ya mayar da bakin na'urar can saman batir, nesa da faifan, ya sa fiyus a kan waya, ya naɗe kowace mahaɗa.

Da Annelie ta ji labari sai ga ta ƙarshen mako, fuska a ɗaure.

“Wato ku uku kun haɗa kai za ku ƙona mini iyaye a kan dutse.”

“Ni ban da ni,” in ji Börje. “Ni a gidana zan kwana.”

“Kawu Börje, ba wasa nake ba. Ulu da waya da wuta, a cikin akwati, kusa da inda suke barci?”

Ya daina dariya. Ya zaunar da ita ya nuna mata komai, ya sa ta ɗora hannu a kan faifan yana kunne ta ji iyakar ɗuminsa. Ta saurara, ta yi tambayoyi, sannan ta kafa sharuɗɗanta. A ƙara wani makashi na biyu wanda zai yanke wuta in na farko ya maƙale. Kada ulu ya taɓa faifan ko kaɗan. A kafa na'urar jin hayaƙi a rufi. Börje ya ce na farkon nan da ma ya kamata ya tuna da kansa. Majvor ta farke ƙasan rigar ta sake ɗinkawa, ta yi wa faifan aljihu da yadin da ake shimfiɗa wa teburin guga.

Gwaji na gaskiya sai a watan Fabrairu, da sanyi ya kai inda gashin hanci ke daskarewa. Suka kwashi bargunansu suka koma kwana cikin Kunkuru, a tsakar gidansu, taku kaɗan daga gadonsu mai ɗumi. Direban motar makaranta ya tsaya ya leƙo ta taga.

“Lafiya, Majvor? Ko gidan ne ya kore ku?”

“Hutu muka tafi,” in ji ta. “Ka gaida mutanen gida.”

A nan suka gano saura. In aka bar faifan a kunne dare duka, yana cinye cajin da injin Sixten ke bukata. Börje ya zo ya yi ta zane a iska da yatsa yana neman dabara mai wuya. Majvor ta ce ina amfanin ɗumama shi da dare, alhali ba a lokacin yake shan caji ba? A sa mata makunni a bango kusa da murhu. In ta tashi dafa kofi ta kunna, kafin rana ta hau kan rufi ya ɗumama. Da yake yana cikin riga, ba ya yin mugun sanyi kamar da, ɗan taɓi kawai yake so.

Haka aka yi. Da watan Maris ya raba suka ɗaura Kunkuru suka hau dutse.

Safiyar farko Majvor ta riga kowa tashi a bakin tafkin. Tagogi sun yi fari da ƙanƙara ta ciki. Sixten na barci, injinsa na huci a hankali. Ta danna makunni, 'yar jar fitila ta kama, ta ɗora buta. Ta sha kofi ɗaya a tsaye. Ta yanka burodi, ta wanke kofin da bai yi datti ba, ta sake goge tebur. Rana ta leƙo ta bayan dutse, ta sauko kan bishiyoyi, ta iso rufi. Jar fitilar ta mutu, alamar ɗumi ya kai. Majvor ta tsaya gaban agogon bango ta harɗe hannu. Can sai lambar ta motsa, ta hau da ɗaya.

Ba ta tashe shi ba. Ta zauna a gefen benci ta rufe fuska da tafin hannu, ta yi godiya ga Allah, da Börje da ƙwarinsa, da 'yarta mai taurin kai, har da mahaifiyarta da ta saƙa bargon. Da ta ɗago sai ta ga Sixten ya cire abin hancinsa yana kallonta.

“Yana sha?”

“Yana sha.”

Ya tashi zaune. Sannan ya miƙo babban hannunsa ya kama nata, ya ce, “Maj, na gode. Da na ɗauka na gama da wurin nan.” Ya dubi buta. “Akwai sauran kofi?”

Shekarar nan sai da ƙanƙara ta fara ruwa a gefe suka sauko. Ran da Sixten ya kama kifin röding na farko, mai jan ciki, ya sa ta ɗauki hoto ta tura wa Börje. Amsa ta zo nan take, wai kifin ya yi kama da wanda ake sayarwa a kanti, a duba ko da takardar farashi a wutsiyarsa.

Labari ya bazu a bakin tafki, domin ba su kaɗai suka sayi irin batirin ba. Wani ya zo ya durƙusa ya leƙa, wata ta zo da nata a hannu ta ce a auna. Majvor ba ta ƙi kowa ba, amma ɗinki kawai take yi. Maganar waya sai ta ce a je wurin Börje, shi kuma ba ya sallamar kowa sai ya ga fiyus da makashi na biyu da idonsa. Har ya ƙare faifan da ke rumfarsa, ya ce mutane sun kwashe wa 'yan matansa barguna. Akwai wanda ya ce mata yanzu ana sayar da batir mai abin ɗumama kansa a ciki. Ta ce madalla, wanda zai sayi sabo ya sayi wannan, ya huta.

Sun ƙara hawa dutsen shekaru da dama bayan haka. A ɗaya daga cikinsu aka yi wa Börje aikin gwiwa, aikin bai yi kyau ba, ya koma tafiya da sanduna biyu. Duk hunturun Sixten ne ke share masa ƙofa, Majvor na kai masa miya, su biyun kuma suna zuwa bayan gidansa su kara kunne a jikin amya su ji ko akwai rai, su zo su ba shi rahoto. Da Maris ya zo Börje ya ce su tafi, su gaida kifi. Sixten ya miƙe. Ya shiga rumfa ya fito da sulun da ake jan itace a kan ƙanƙara, ya kafa masa kujera da majingini, Majvor ta yi wa kujerar matashi.

“Ni za ku ja kamar buhun dankali?”

“Buhun dankali ba ya surutu,” in ji Sixten. “Shiga mota.”

Tirelar ba ta da gado na biyu, sai suka sauke tebur ya zama shimfiɗa. Börje ya yi ƙorafin cewa ƙafarsa na taɓa murhu, da cewa injin Sixten na huci kamar tsohon doki, da cewa kofin Majvor ya yi ƙarfi. Ya cinye duk abin da aka sa masa. Da rana Sixten ya ja shi har tsakiyar tafki, yana tsayawa yana hutawa, ya huda masa rami a daidai gefen kujerar, ya lulluɓe masa gwiwa da fata. Majvor ta zauna a nata wurin da saƙarta, inda take iya jin su.

“Ramin nan babu komai a ciki,” in ji Börje bayan ɗan lokaci. “Da gangan ka ba ni shi.”

“Ka yi shiru mana. Kifi na jin ka.”

“Majvor! Ki gaya wa mijinki ya matsar da ni can kusa da tsibiri.”

“Ku dai ku kamo abin da zan soya,” in ji ta, “in ba haka ba yau ma tsiran gwangwani za ku ci.”

Sixten ya miƙe yana nishi, ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗauki igiyar sulun ya rataya a kafaɗa, suka nufi tsibiri suna gardama a kan wane gefe ya fi zurfi.